Makirufon Hajiya Yalwa

Ni dai shekara goma sha ɗaya ke nan ina sayar da kayan sauti a bakin tashar Kazaure, kuma abu ɗaya na lura da shi: duk wanda ya shigo sayen makirufo ya fi ni sanin makirufo. Ladani ya fi ni sani, mai tallan maganin basir ya fi ni sani, balle mawaƙi. Kowa ya zo sai ya ɗauka ya ƙwanƙwasa kansa da yatsa, ya hura masa iska, ya ce "gwaji, gwaji," sannan ya dube ni ya ce wannan ba shi da ƙarfi. To tunda kun dame ni da tambayar abin da ya faru a bikin gidan Hajiya Uwani, kowa da irin ƙarin gishirin da ya jiyo, ku matso ku ji daga bakina. A gabana aka yi, kuma kayana ne suka yi aikin.

Wanda bai san ta ba, Hajiya Yalwa zabiya ce ta kiɗan ƙwarya, irin masu yi wa mata wasa a yinin biki. Murya kam Allah ya ba ta, ba na yi mata hassada. Amma ba muryar ce ta ɗaga ta sama da sauran zabiyoyi ba. Sanin asali ne. Mace za ta shigo fili, ko daga Roni ta zo ko daga Ɓaɓura, kafin ta gyara mayafi Hajiya Yalwa ta kama sunanta, ta kama na mijinta, ta gangara kan ubanta da kakanta, har unguwar da aka binne cibiyarta. Matar da aka yi wa haka a gaban dangin miji, ai ba ta san lokacin da jakarta ke buɗewa ba. Wasu suna cewa baiwa ce, wasu suna cewa aljana ce ke gaya mata. Da wannan sunan take cin abinci, kuma da shi ta tsaya wa yaran zamani masu zuwa da waƙa a filashi suna motsa baki.

To aljanar nan ni na san ta. Sunanta Yaya Dudu, 'yar wan baban Hajiya Yalwa ce. Wata 'yar siririyar tsohuwa, kullum da goro a kunci, muryarta a dishe ta cika ƙasa-ƙasa, in tana magana sai ka ce mura take yi. Duk wurin wasa tana tsaye a bayan kafaɗar Hajiya ta hagu da mafici a hannu. Jama'a sun ɗauka fifita take yi. Fifitar ma tana yi, amma babban aikin maficin shi ne rufe bakinta. Babu gidan da ba ta san cikinsa ba a ƙasar nan. Ita ke raɗa suna, ita ke raɗa asali, ita ke faɗar wadda za a dage wa da wadda za a wuce, Hajiya kuwa ta ɗora wa maganar murya. Shekara ashirin suna haka. Ni da nake zama kusa da su da na'urar haɗa sauti na daɗe da ganowa, amma ban taɓa faɗa wa ko matata ba, don ba na wasa da abincin mutum.

Tsohon makirufon Hajiya wani baƙi ne mai waya, ya sha faɗuwa har kansa ya lotsa, an ɗaɗɗaure shi da robar taya. Kurma ne na gaske, sai ka manna masa leɓe yake jin ka. Ranar wani suna ana cikin kiɗa ya suɓuce mata ya faɗa cikin bahon ruwan da ake kifa ƙwarya a kai, ya yi wani ɗan kuka, shi ke nan. Saura kwana huɗu bikin 'yar Hajiya Uwani, wanda duk matan garin suka yi ɗinki dominsa, sai ga Hajiya Yalwa a shagona da hantsi, Yaya Dudu na biye da ita riƙe da jaka.

Ta ce, "Sallau, makirufo nake so. Ba irin na ladanai ba, na manyan mawaƙa."

Na ce, "An gama, Hajiya." Na ɗauko mata wani ƙanen makirufon nata na da, sabo fil. Na ce, "Wannan shi ne na fili. Bakin da ke gabansa kaɗai yake ji. Ƙwarya na bayanki, 'yan amshi na gefe, mata na guɗa, duk ba ruwansa. Ya faɗi ƙasa ki ɗauka ki ci gaba."

Ta juya shi, ta ƙwanƙwasa, ta hura, ta taɓe baki. Ta ce, "Yo wannan ai shi ne wanda ya mutu, wanka kawai aka yi masa."

Na ɗauko mara waya mai batir. Ta ce ita ba za ta riƙe abin da zai ɗauke numfashi tana tsakiyar kakan mutum ba. Nan kam na ba ta gaskiya, don na sha ganin haka. Muna cikin wannan idonta ya kai can saman kanta, inda na ajiye wani na situdiyo da wani yaro mai waƙoƙin soyayya ya sa na kawo masa daga Kano, daga baya ya tafi Abuja ya bar ni da shi. Ruwan zinare ne, ƙato, yana zaune cikin wani keji na roba, da 'yar raga a gabansa.

Ta ce, "Wancan fa?"

Na ce, "Wancan ba na fili ba ne, Hajiya. Na ɗakin ɗaukar waƙa ne, inda ake rufe ƙofa a toshe taga da katifa."

Ta ce, "Sauko da shi."

Na sauko da shi, na haɗa, na sa mata abin ji a kunne. Wallahi da kun ga fuskarta. Ta ce "uhm," ta ji uhm ɗinta ya dawo mata da ƙiba. Ta motsa hannu, ta ji awarwaronta. Ta yi shiru ta karkata kai, can ta ce, "Wane ne ke daka a nan kusa?"

Na ce, "Ba daka ba ne, Yaya Dudu ce ke tauna goro."

Ta ce, "Wancan ƙaras-ƙaras ɗin fa?"

Na ce, "Mai shayin tsallaken titi ne ke kaɗa ƙwai."

Ta cire abin kunnen ta dube ni kamar na daɗe ina cutarta. Ta ce, "Sallau, ashe akwai irin wannan a duniya ka bar ni shekara da shekaru ina tsage maƙogwaro a kan kurma? Wannan ai shi ne mai hankali. Tun kafin ka yi magana ya ji."

Na ce, "Ai matsalar ke nan, Hajiya. Komai ji yake yi."

Ta ce, "To da me ake so ya yi? Ya yi barci?"

A lokacin akwai mutum uku a shagon, har da wani mai gyaran rediyo da bakinsa ba ya rufuwa, ba dama in fito fili. Sai na rage murya na ce, "Hajiya, a wurin wasa akwai maganar da ta sifika ce, akwai kuma wadda ba ta sifika ba." Na ɗan karkata ido wajen maficin da ke leƙowa daga jaka.

Ko ba ta gane ba, ko ta gane ta ji haushin na sani, oho. Sai ta sha kunu ta ce, "Ɗan nan, tun kana tallan rake nake waƙa. Kai ka san waya, ni na san waƙa. Kowa ya tsaya inda Allah ya ajiye shi."

Yaya Dudu kuwa ta ajiye jakar da ke hannunta. Ta dai matso tana kallon abin, ta miƙa yatsa za ta shafa ragar. Hajiya ta make mata hannu, ta ce, "A'a Yaya, kar ki shafa masa goro. Wannan ba kayan marasa murya ba ne. Ke dai riƙe maficinki." Mutanen shagon suka yi dariya. Tsohuwa ta janye hannunta, ta mayar da goronta ɗaya kuncin. Ni abin bai min daɗi ba, gaskiya, don ko ba komai ta girme ta da kusan shekara goma.

Na sake gwadawa ta wata hanyar. Na ce wannan ba a riƙe shi a hannu, sai a kan sanda. Ta ce dama hannunta ya gaji. Na ce in aka sa sifikar da ke fuskantar mawaƙa zai yi ta kuka yana tsaga kunne, dole a cire ta, ke nan ba za ta ji abin da ke fita ba. Ta ce ita ta san abin da take faɗa, ba ta bukatar a maimaita mata. Na ce iska ma yana ji. Ta ce to ya ji mana, iskar zagin wani take yi? Daga nan na ɗaga hannu. Na sa shi a kwali, Yaya Dudu ta ɗauka a ka, suka tafi.

Ranar Asabar bayan azahar aka kafa rumfuna a ƙofar gidan Hajiya Uwani. Mata kam sun zo, leshi da atamfa har ba wurin sa ƙafa. Ni na kawo sifiku huɗu na juya su wajen jama'a, na kafa makirufon zinare a kan sandarsa, rana na dukansa yana walƙiya. Kafin a fara ma mata sun zo suna ɗaukar hoto da shi. Na matsar da masu ƙwarya baya sosai don kar su cika masa kunne, na rage masa ƙarfi daidai yadda raɗa ba za ta fita ba, na ce a raina in Allah ya so mu rabu lafiya.

Hajiya ta yi baitin buɗewa, ta waiwayo ta ɗaga min hannu: ƙara. Na ƙara kaɗan. Ta sake ɗagawa. Na yi kamar ban gani ba. Sai ta tsayar da kiɗa, a gaban mutane ta ce, "Sallau, kuɗina na sa na saya, ka sake masa mara!" Mata suka yi shewa. Na ce to, na murɗa.

Ana haka janareta ya fara tari a bayan gida. In ya mutu kuwa ni za a zaga, don haka na tashi da gudu na zagaya. Na tsuguna ina duba mai ke nan, sai na ji wata murya ta fito daga sifiku huɗu, a dishe, a natse, tar kamar a kunnena take magana.

"Mai koren leshin nan Hajiya Azumi ce, matar Alhaji Tanko mai taya. Kakanta Malam Buba mai allo. Baiti ɗaya ya ishe ta, kar ki wahalar da kanki, hannunta a dunƙule aka haife ta."

Muryar Yaya Dudu ce. Kafin in miƙe sai ga muryar Hajiya Yalwa ta tashi, zaƙi kamar me:

"Azumi jikar Malam Buba,
Ta Alhaji Tanko, hannunki ruwa,
Mai kyauta ba a roƙa ba!"

'Yan amshi suka karɓa, "Mai kyauta ba a roƙa ba!"

Mata suka dubi juna. Sai wata daga can baya ta fashe da dariya, ta kusa da ita ta kama, kafin ka ce me rumfa uku sun ɗauka. Hajiya Yalwa ta ga mata na dariya suna tafawa, ta ɗauka daɗin sabon makirufo ne, ta ƙara gyara tsayuwa. Su a inda suke ba abin da suke ji sai ƙwarya.

Na bar janareta da tarinsa na kwaso a guje. To amma kun san taron mata, shiga ba kamar fita ba ce. Ina "gafara Hajiya, gafara Anti," ina tsallake yara da kulolin abinci, murya ta sake fitowa.

"Ga Balaraba ta shagon ɗinki ta taso. 'Yar Sarkin Aska ce. Ki yabi sarƙar, ita ta zo nunawa. Ba tata ba ce, ta ƙanwarta ce, na gan ta a wuyan ƙanwar ranar sunan gidan Larai."

Hajiya ta ɗauka:

"Balaraba 'yar Sarkin Aska,
Zinariya ta gane wuyan mai ita!"

Balaraba da ta taso da rawa tana gyara sarƙa, sai ta ja mayafi ta rufe wuya har haɓa, ta yi kwana ta koma kujera. Ƙanwar tata kuwa tana zaune a layin gaba, ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

Da ƙyar na isa wurin na'urata, ina haki. Me zan gani? Hajiya Azumi mai koren leshi ta jawo kujera ta zauna daram a gabanta, ta ɗora jaka a kan maɓallan. Mace ce mai jiki, ko ta gefe ba hanya.

Na ce, "Hajiya, don Allah ki ɗan matsa, gyara zan yi."

Ta ce, "Gyaran me? Lafiyarsa ƙalau."

Na ce, "Hajiya, ki rufa min asiri."

Ta ce, "Ni wa ya rufa min? An faɗi nawa a gaban surukata, wallahi sai an faɗi na kowa. Ka taɓa abin nan sai na zauna a kanka."

Balaraba ma ta taso da mayafinta a wuya ta tsaya a gefenta. Nan da nan na ga waɗanda aka riga aka yi wa sun zama 'yan gadi, waɗanda ba a zo kansu ba kuma suna ta neman hanyar sulalewa. Wata ta miƙe a hankali ta nufi bayan rumfa, ba ta san motsin nan shi ke jawo idon Yaya Dudu ba.

"Waccan mai tafiya ban san ta ba. Da ganinta gayyar soɗi ce, shinkafa ta kawo ta, ga leda nan a hammata. Ki ce 'yar manyan mutane ki wuce."

"'Yar manyan mutane, sannu da zuwa!"

Matar ta saki ledar ta ƙara sauri.

Na yi ta ɗaga wa Hajiya Yalwa hannu, ina nuna makirufo, ina nuna kunne, ina yanka wuyana da yatsa. Ta hango ni, ta yi murmushi, ta ɗaga min babban yatsa. 'Yan amshi biyu sun fara jin wani abu ba daidai ba, don sun ga mata na nuna Yaya Dudu, amma wa zai katse Hajiya tana tsakiyar waƙa? Ina ji ina gani aka yi wa gwaggon ango, wadda aka ce kar a ambaci Alhajinta don tana yaji tun ƙaramar salla. Aka yi wa wata malamar asibiti, wadda aka ce a kira ta likita, tana so. Aka yi wa wata da aka ce kakanta ba malami ba ne, dillalin jakuna ne, amma a ce malami, dangin sun fi son haka. Kowace aka gama da ita sai ta taso ta ƙara yawan masu gadina. Wallahi tun ina jin tsoro har na fara jin kunyar kaina, don ni ma sau biyu dariya ta ƙwace min.

Can sai uwar biki da kanta ta fito daga cikin gida, Hajiya Uwani, ƙawaye na take mata baya. Tana ciki tana sallamar baƙi, ba ta san wainar da ake toyawa ba. Fili ya yi tsit, kowa ya kasa kunne, har masu rabon abinci suka tsaya da faranti a hannu.

"Ga uwar biki nan. Nan za ki dage, Yalwa, mutuniyar kirki ce, ba ta da mugun hali. Shinkafar ce dai ta kama ƙasa, naman kuma sai an sa tabarau."

Hajiya Uwani ta tsaya cak, ta dubi sifika, ta dubi ƙawayenta.

Hajiya Yalwa ta ja numfashi ta fara, "Uwani ta Alhaji Mamuda, Uwani 'yar..." Sai ta tsaya. Ta bar 'yan amshi suna maimaitawa, ta ɗan karkata kai wajen mafici. Sai ga tata raɗar ta fito a sifiku huɗu, ita kuwa da ƙarfinta:

"Yaya, wa ma kika ce sunan uban nata?"

Jama'a, shekara goma sha biyar tana yi wa gidan nan waƙa. Ita ta yi bikin Uwanin ma na biyu. Kafin Yaya Dudu ta buɗe baki, mata sun fi ɗari uku suka haɗa baki kamar an koya musu amshi:

"Malam Jatau!"

Ƙwarya ta tsaya. Hajiya Yalwa ta dubi jama'a, ta dubi makirufon, ta waiwaya ta dubi Yaya Dudu. Na ga lokacin da abin ya faɗo mata, don sai da ta dafa sandar. Yaya Dudu kuwa ta sauke mafici a hankali, ta leƙa ragar nan, ta ce, "Au, wai ji yake yi?" Wannan ma ya fita.

Abin da ya biyo baya ba sai na faɗa muku ba. Hajiya Uwani dai mutuniyar kirkin ce da gaske, don da aka ba ta labari ta yi dariya har da hawaye, ta ce maganar shinkafa gaskiya ce, a kira mata masu girki. Amma Hajiya Yalwa ba ta ƙarasa wasan ba. Ta ja mayafi ta shige mota, ko liƙin da ke ƙasa ba ta tsaya an tattara ba. Na tausaya mata, wallahi. Sunan da ta yi shekara ashirin tana ginawa ya tafi tsakanin azahar da la'asar, kafin magariba yara a unguwa suna ta "wa ma kika ce sunan uban nata?"

Washegari da safe ina buɗe shago sai ga su. Hajiya a gaba ta cika ta yi fam, Yaya Dudu a baya da kwali a ka. Ko gaisuwa babu. Ta sa aka dire min kwalin a kan tebur.

Ta ce, "Ga munafukinka nan."

Na ce, "Hajiya, ina kwana."

Ta ce, "Ban kwana ba! Ka sayar min da ɗan leƙen asiri, ka kashe min sana'a, kana ce min ina kwana?"

Na ce, "Hajiya, ai na faɗa miki komai ji yake yi."

Ta ce, "Ka ce yana ji, ka ce yana faɗa?"

Na hau sosa ƙeya. Ta juya kan tsohuwa.

"Ke kuma Yaya, suna aka ce ki faɗa min, wa ya aike ki sarƙar mutane? Wa ya aike ki shinkafa?"

Yaya Dudu ta ce, "Yadda na saba faɗa miki ne, Yalwa. Ban ƙara ko ɗaya ba."

Na ga abin zai yi tsawo, mutane sun fara taruwa a bakin shago, sai na ɗauko baƙin nan na fili da na fara nuna mata. Na ce, "Hajiya, ɗauki wannan, mu yi musaya. Shi bakin da ke gabansa kaɗai ya sani. Mutane kuma mantuwa gare su, bayan biki biyu an wuce wurin."

Ta karɓa tana harararsa, ta ƙwanƙwasa, ta hura. Ta ce, "Ka tabbata kurma ne?"

Na ce, "Ko a kansa aka yi gulma ba zai ji ba."

Na jawo kwalin zinaren zan mayar sama, sai na ji an dafa shi. Yaya Dudu ce. Ta ciro goron daga bakinta, abin da ban taɓa gani ba, ta ƙulle shi a gefen zani.

Ta ce, "Sallau, kar ka mayar da shi. Ajiye min, ni zan saya."

Na ce, "Ke, Yaya?"

Ta ce, "Tun asuba mata uku suka aiko gidana. Azumi mai taya za ta aurar da ɗanta bayan salla, ta ce in zo da abin nan, kuma in fara da dangin amarya."

Mutanen bakin shago suka kwashe da dariya. Hajiya Yalwa ta saki baki tana kallonta daga sama har ƙasa, sannan ta riƙe ƙugu.

Ta ce, "Ikon Allah! Ke Yaya? Makirufo? Me za ki yi da makirufo, ke da ba ki da murya?"

Yaya Dudu ta ɗora kwalin a ka, ta gyara masa zama, ta ce, "To ke da ba ki da abin faɗa, ba ga shi shekara ashirin kina riƙe da shi ba?"